Kundin Aikin Fim Ɗinmu na Kakuri: Babban Kamfani Ko Mai Zaman Kansa

16 ga Yuni, 2025

An kammala gyaran ƙarshe na rubutun labarin a makon jiya, saboda haka daga yau wannan kundi zai karkata ga tambayar da ta fi rubutun wuya, wato wane kamfani ne zai ɗauki nauyin shirya fim ɗin. Labarin na fargaba ne da bin sawun laifi, kuma kusan dukkansa yana faruwa a dare ɗaya na hunturu cikin wata rufaffiyar masaƙa da muka ƙirƙira a Kakuri. Wani tsohon ma'aikaci da ya koma maigadi yana tsaron ɗakin ajiyar takardu, sai wata jami'ar binciken kuɗi ta shigo neman fayil ɗin da zai nuna inda kuɗin sallamar ma'aikata ya shige, kuma mai kallo ba zai gane ko maigadin kāre ta yake yi ko tsare ta ba sai a mintunan ƙarshe. Mun zaɓi Kakuri ne domin duk wanda ya tashi a Kaduna ya san nauyin masaƙun nan, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suka ciyar da dubban gidaje, sannan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000.

Ƙofofi uku ne a buɗe yanzu. Akwai wani babban kamfani na Legas da ya karanta taƙaitaccen labarin ya nemi cikakken rubutun, akwai wani sanannen kamfani na Kano mai tashar YouTube da ke da ɗimbin mabiya, sannan akwai wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a nan Kaduna, wanda ofishinsa ɗaki biyu ne a Unguwar Rimi. Mun yi shawara da Hajiya, wadda ita ce furodusar aikin, cewa ba za mu yi wa kowa alkawari ba sai mun ga sharuɗɗansa a rubuce.

4 ga Yuli, 2025

Mun yi taro ta bidiyo da wakilan kamfanin Legas, kuma dole a faɗi cewa sun karanta rubutun da idon basira, domin sun gano wani rauni a tsakiyar labarin wanda ya dace a gyara ko da wa za a yi aikin. Kasafin kuɗin da suka ambata ya ninka abin da za mu iya tarawa da kanmu fiye da sau uku. Suna da kyamarori da fitilu nasu, suna da ɗakin haɗa sauti, kuma suna da hanyar shigar da fim gidajen sinima na Legas da Abuja ba tare da sun roƙi kowa ba.

Abin da suke so a madadin haka shi ne a mayar da kusan rabin maganganun zuwa Turanci da Burokan, a ba wani fitaccen jarumin Kudu matsayin maigadin, a ƙara soyayya tsakanin jami'ar da wani ɗan sanda wanda babu shi a labarin, sannan a sauya ƙarshen ta yadda mai laifin zai shiga hannu a idon mai kallo. Hujjarsu ta kasuwa ce, kuma ba ta wasa ba ce: yawancin gidajen sinimar ƙasar nan suna Kudu da Abuja, kuma fosta mai ɗauke da fuskar da mutane suka sani ita ce ke sayar da tikiti a makon farko. Ban yi musu a kan wannan ba. Na dai rubuta a gefen takardata cewa maigadin da ya shafe shekara ashirin a masaƙar Kakuri, ya zauna a Tudun Wada, ba zai yi wa kansa magana da Turanci ba a tsakar dare idan tsoro ya kama shi.

19 ga Yuli, 2025

Daftarin yarjejeniyar kamfanin Legas ya iso, kuma lauyanmu, Barista, ya zauna da mu ya bi shi layi-layi. Wannan zaman ne ya sauya mini fasalin tambayar baki ɗaya, domin kafin yau ina auna kamfanonin ne da yawan kuɗinsu, alhali abin da takardar ke magana a kai shi ne wane ne zai mallaki fim ɗin, kuma wane ne zai yi magana ta ƙarshe a kansa.

Sakin layi na farko da ya tsaya a kai shi ne na haƙƙin mallaka. Kamfanin yana neman a miƙa masa haƙƙin gaba ɗaya, a duk faɗin duniya, a kowace kafa da ake da ita da wadda za a ƙirƙiro nan gaba, har da ikon yin ci gaban labarin ko mayar da shi mai dogon zango. Barista ya bayyana cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta miƙa haƙƙi da ba da lasisi, ta kuma tanadi cewa miƙa haƙƙi ko ba da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Ya ƙara da cewa kariyar da doka ke ba fim tana kaiwa shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna shi ga jama'a. Ya ce mini, "Malam, wannan ba hayar gona ba ce da za ta dawo hannunka bayan kaka, sayarwa ce, kuma 'ya'yanka ma ba za su noma ta ba."

Na biyu shi ne rabon riba. An rubuta mana kaso mai kyaun gani, amma daga abin da ya rage ne bayan an cire kuɗin shiryawa, kuɗin talla, ladan rarrabawa da kuma wani kaso na gudanar da ofis, kuma kamfanin ne da kansa ke ƙididdige kowane ɗaya daga cikinsu. Fim yana iya cika sinima makonni, gidan sinima ya ɗauki rabonsa, gwamnati ta ɗauki harajinta, mai rarrabawa ya ɗauki ladansa, sannan takarda ta nuna cewa har yanzu ba a mayar da uwar kuɗi ba. Babu ƙarya a cikin irin wannan lissafi, tsarin ne aka gina a haka. Barista ya ba da shawarar a nemi ƙaramin kaso daga kuɗin da ya shigo tun kafin a cire komai, tare da ikon tura akawunmu ya duba littattafansu sau ɗaya a shekara.

Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne cewa kamfanin ne ke da ikon yanke hukunci a kan tacewar ƙarshe, wato yadda edita zai datse ya haɗa fim ɗin da za a nuna. A fim ɗin barkwanci ko na soyayya, darakta yana iya haƙura da wannan, domin ko an datse fitowa biyu labarin zai tsaya da ƙafarsa. Fim ɗin fargaba kuwa a teburin edita ake gina shi. Daƙiƙa huɗu da aka bar kyamara a kan ƙofar da ba ta buɗe ba, ko fitowar da aka jinkirta ta har mai kallo ya fara zargin wanda bai kamata ba, su ne kayan aikin gaba ɗaya. Wanda ke da ikon tacewar ƙarshe shi ne ke yanke lokacin da mai kallo zai san gaskiya, kuma a labarinmu babu wani abu da ya fi wannan lokacin muhimmanci. Haka nan daftarin ya ba su ikon haɗa tirela yadda suka ga dama, kuma mun sha ganin tirelar da ta tona asirin fim tun kafin ya fito.

7 ga Agusta, 2025

Mun je Kano mun gana da mai kamfani na biyu. Alhaji ya karɓe mu da mutunci, kuma bai ɓoye komai ba. Kasuwar faifai ta mutu tun da satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka cinye ta, kuma abin da ke riƙe da Kannywood a yau shi ne fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shawararsa ita ce a warware labarin ya zama zango mai kashi goma sha uku, a ƙara iyalan maigadin da rikicin gado, a kuma sa waƙa aƙalla ɗaya. Hajiya ta ce masa, "Ranka ya daɗe, labarin dare ɗaya ne." Ya amsa cewa dare ɗaya ba ya biyan albashin ma'aikata.

A lissafinsa yana da gaskiya. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a bidiyonsa, kuma abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, shi ya sa masu kallo daga Saudiyya, Turai da Amurka suke da daraja a wurinsu fiye da yawansu. Tashar da ke sakin sabon kashi kowane mako ita ce ke riƙe mabiyanta. Sai dai fargabar da aka shimfiɗa a kan mako goma sha uku takan saki, kuma bidiyon da ke nuna tashin hankali ko jini yana iya fuskantar taƙaita talla, wanda ke nufin fitowar da ta fi ƙarfi a fim ɗinmu ita ce za ta fi rage kuɗin shiga.

Ya kuma tuna mana da batun tacewa ta hukuma. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a watan Mayun bana saboda rashin gabatar da su gare ta kafin a sake su. Duk wanda zai yi aiki da kamfanin Kano dole ya sa wannan mataki a jadawalinsa, ban da na Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa.

25 ga Agusta, 2025

Wannan makon na karatu ne da tambaye-tambaye, domin babbar hujjar kamfanin Legas ita ce suna iya kai fim ga manyan manhajojin kallo na duniya, kuma ina son sanin nauyin wannan alkawari a yau. A watan Janairun 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka. A ƙarshen 2024 ɗin kuma masu shirya fina-finai suka riƙa kokawa cewa Netflix ya rage ba da kwangilar sababbin ayyuka a Najeriya, kodayake kamfanin ya musanta cewa zai fice daga ƙasar. Ma'anar wannan a gare mu ita ce ƙofar da ake nuna mana ta ƙanƙance, kuma daftarin bai ɗora wa kamfanin wajibcin kai fim ɗin ko'ina ba, ya dai ba shi iko ne kawai.

Na kuma duba yadda abin yake a Amurka, inda wannan rabuwa ta fi tsufa. Manyan kamfanoni biyar ne ke riƙe da kasuwar a can, wato Universal, Paramount, Warner Bros., Disney da Sony, kuma ƙarfinsu na gaskiya a rarrabawa yake, shi ya sa a 1948 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin da ya kai ga raba manyan kamfanoni da gidajen sinimarsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin Blumhouse, kamfanin Jason Blum, wanda ya yi suna da fina-finan tsoro da fargaba. Yana matse kasafin kuɗi ƙwarai, yana biyan darakta da jarumai kaɗan a farko tare da kaso idan fim ya yi kasuwa, yana barin darakta ya yi aikinsa, sannan ya miƙa rarrabawa ga babban kamfani, kamar yarjejeniyar shekara goma da ya ƙulla da Universal a 2014. Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne fim ɗin fargaba ba ya buƙatar taron jama'a ko wurare masu yawa. Namu yana da manyan jarumai uku da gini ɗaya. Tun da haka ne, shiryawa da rarrabawa ba dole ba ne su kasance a hannu ɗaya.

10 ga Satumba, 2025

Mun yi gwajin ɗaukar fitowa biyu da ƙaramin kamfanin Kaduna a wani tsohon sito da mai shi ya ba mu aro. Hoton ya fi abin da na zata. Mai ɗaukar hoton matashi ne da ya yi karatu a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, kuma ya san yadda ake barin duhu ya zama duhu ba tare da fuskar jarumi ta ɓace ba, abin da fina-finanmu da yawa ke tsoro, har su cika ɗakin dare da haske kamar rana tsaka.

Sautin kuwa bai yi ba. Ƙugin janareta ya shiga kowace magana, manyan motoci da ke wucewa a titi sun shiga, kuma faɗin siton ya sa murya tana amsa-kuwwa. A fim irin namu rabin tsoron a kunne yake, takun ƙafa a kan siminti, ƙarar kwanon rufi, numfashin wanda ya ɓuya, don haka wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Shugaban kamfanin bai kāre kansa ba, ya ce ba su da ƙwararren mai ɗaukar sauti kuma ba su taɓa miƙa fim bisa ƙa'idojin manyan masu saye ba, waɗanda kan nemi hoto mai ingancin 4K, sauti mai tashoshi 5.1 wanda ke kewaye mai kallo, fassarar da ke bin magana daidai, da kuma kiɗa da sauran sautuka a ware daga maganganu domin a iya juya fim ɗin zuwa wani harshe. Wannan ne ainihin abin da babban kamfani ke da shi wanda ƙaramin ba shi da shi, kuma ana iya sayensa da kuɗi ba tare da an sayar da fim ɗin ba.

13 ga Satumba, 2025

Mun rubuta wa Alhaji na Kano takardar godiya, muka sanar da shi cewa ba za mu warware labarin ba. Ya amsa da fatan alheri, ya kuma ce tasharsa a buɗe take idan lokacin sakin fim ɗin a YouTube ya yi.

6 ga Oktoba, 2025

Mun aika wa kamfanin Legas tayinmu. Mu za mu shirya fim ɗin da ƙaramin kamfanin Kaduna da kuɗin da muka tara, da Hausa daga farko har ƙarshe tare da fassarar Turanci a ƙasa, su kuma su karɓi lasisin rarrabawa na shekara biyar a sinima da manhajojin kallo, su biya wani ɓangare na kuɗin a gaba ranar da muka miƙa fim ɗin da ya cika ƙa'idojinsu. Haƙƙin mallaka da tacewar ƙarshe su zauna a hannunmu, tirela kuma sai da amincewar ɓangarorin biyu. Barista ya ƙara sharaɗin cewa idan ba su saki fim ɗin ba cikin wata goma sha biyu da karɓarsa, lasisin ya warware da kansa, domin fim ɗin da aka saya aka ajiye a kabad ya fi wanda ba a saya ba asara.

Hajiya ba ta gamsu gaba ɗaya ba, kuma ya dace a rubuta dalilinta. Ita ce za ta fuskanci waɗanda suka zuba jari, mutane huɗu 'yan kasuwa da suka ba da kuɗinsu bisa amana, kuma a wannan tsari duk haɗarin yana kanmu har ranar miƙawa. Idan jarumi ya yi rashin lafiya ko farashin man janareta ya sake tashi, kamar yadda ya yi ta yi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu wani babban ofishi da zai cike giɓin. Ta ce 'yancin da nake nema da kuɗin wasu za a biya shi. Ban sami amsar da ta fi wannan ba: mu ware kashi 10 cikin 100 na kasafin a matsayin ajiyar ko-ta-kwana, ni kuma in jinkirta karɓar ladan rubutu da na ba da umarni har sai masu jari sun mayar da kuɗinsu.

29 ga Oktoba, 2025

Amsa ta zo bayan kai-komo mai tsawo. Sun amince da lasisi a maimakon mallaka, amma na shekara bakwai. Sun rage kuɗin gaba sosai, bisa hujjar cewa fim ɗin Hausa zalla ba tare da fitacciyar fuska ba kasada ce a sinimar Kudu. Sun bar mana tacewar ƙarshe, da sharaɗin za su kalli tacewar farko su ba da shawarwari a rubuce waɗanda ba dole ne mu bi ba, kuma tsawon fim ɗin kada ya wuce minti 110. Sun amince da warwarewar lasisi idan ba a saki fim ɗin ba, sai dai sun mayar da wa'adin wata goma sha takwas. Mun riƙe haƙƙin talabijin na Arewa da na YouTube, wanda zai fara aiki bayan wani lokaci da fitowar fim ɗin a sinima, domin mu iya tattaunawa da tashoshi irin su Africa Magic Hausa da Arewa24, da kuma masu kallonmu na Nijar, Gana da Kamaru waɗanda sinimar Legas ba ta kai gare su.

Mun amince. A kuɗi, abin da muka samu bai kai rabin tayin farko ba, kuma fim ɗin zai fito ba tare da babbar fitowar gobarar da ke shafi na tamanin ba, domin ba za mu iya biyanta ba, sai dai a ji ta a kuma ga haskenta a fuskar maigadin. A ganina wannan sauyi bai cuci labarin ba. Shawarar da suka bayar tun a watan Yuli game da raunin tsakiyar labarin kuwa mun ɗauke ta, kuma an riga an gyara.

18 ga Nuwamba, 2025

An sanya hannu a kan yarjejeniyoyin biyu, ta kamfanin Legas da ta kamfanin Kaduna, a makon da ya gabata, kuma an yi wa wani kamfani na musamman rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni domin ya riƙe haƙƙin fim ɗin shi kaɗai, ta yadda bashin wani aiki ba zai taɓa shi ba. Mun ɗauki ƙwararren mai ɗaukar sauti daga Jos, kuma za a ajiye janareta nesa da siton a ja waya mai tsawo, fitowar da ta fi buƙatar shiru kuma a ɗauke ta da fitilun batir.

An aika wa rundunar 'yan sanda takardar sanarwa game da ɗaukar fim da dare da kuma bindigar wasan da za a yi amfani da ita, an kuma gai da mai unguwa an yi masa bayani. Mun soke ɗaukar hoto daga sama da jirgi maras matuƙi, domin yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi kuma masana'antar ƙera makamai ta DICON tana nan Kakuri. An cire tabar da maigadin ke sha a rubutun an musanya ta da goro, saboda ƙa'idojin da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta fitar a 2024 game da nuna shan taba a fina-finai. Muna neman a ba fim ɗin rukunin shekara 15, don haka an sake rubuta fitowar kisan ta yadda za ta faru a bayan ƙofa.

Za a fara ɗauka a mako na biyu na Janairu, lokacin da hazon hunturu ya kankama, kuma dole a kammala kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a tsakiyar Fabrairun 2026. Abubuwa biyu ne suka rage a buɗe: ba a kammala magana da jarumar da za ta fito a matsayin jami'ar bincike ba saboda tana da wani aiki a Kano a daidai lokacin, kuma mai siton yana neman a ƙara masa kuɗin haya tun da ya ji cewa kamfanin Legas ya shigo cikin maganar. Hajiya za ta gana da shi ranar Alhamis.